Ƙwayar barci ko gyaran kwanciya: wanne ya kamata mai rashin barci ya zaɓa?

Akwai lokacin da na kai wajen wata 8 ina tsoron dare. Rana na faɗuwa gabana zai fara faɗuwa, don na san abin da ke jirana, in kwanta a gajiye liƙis jiki na neman hutu amma ido ya bushe ƙamas, in juya dama in juya hagu, in juya filo, in jawo waya in duba lokaci in fara lissafin in barci ya ɗauke ni yanzu awa nawa zan samu, kuma lissafin nan shi ke ƙara korar barcin. Da safe kai ya yi nauyi, abu kaɗan ya ɓata min rai, magana ma sai an maimaita min. Shi ya sa in mutum ya ce min ba ya samun barci ba na ɗaukar maganar da wasa, na san zafin abin.

Kusan duk wanda ke cikin wannan hali hanya biyu ce a gabansa. Ko dai ya nemi ƙwaya ya haɗiya ya huta da wahalar daren, ko kuma ya bi doguwar hanya ta gyara yadda yake kwanciya da yadda ƙwaƙwalwarsa ta ɗauki gado. Duk biyun na gwada. Kuma bari in faɗi inda na karkata tun yanzu, ga wanda rashin barcinsa ya daɗe hanya ta biyu ta fi nesa ba kusa ba. Amma ƙwaya ma tana da ranarta, sannan akwai mutanen da duk biyun ba su ne maganinsu ba, to da su zan fara don kar su ɓata lokaci.

Wani fa barcin yana zuwa, wani ciwo ne daban ke tashinsa. Babba a ciki shi ne ɗaukewar numfashi a cikin barci. Mutum yana minshari mai ƙarfi, sai a ji shiru numfashi ya tsaya na wasu daƙiƙoƙi, sai ya yi firgigit ya ja iska kamar wanda aka shaƙe, haka zai yi ta yi har gari ya waye kuma shi bai ma sani ba, wanda ke kwana kusa da shi ne zai ba da labari. Ya tashi da ciwon kai da bushewar baki, da rana ko ina ya zauna sai gyangyaɗi, sau da yawa ga hawan jini. An fi ganinsa ga masu ƙiba da masu kaurin wuya, kodayake siriri ma yana yi. Irin wannan mutumin in ya sha ƙwayar barci ya ƙara wa kansa haɗari, don ƙwayar na iya ƙara sakin naman maƙogwaro hanyar iska ta ƙara toshewa. Abin da yake buƙata gwajin barci ne a asibiti, da na'urar nan mai hura iska ta hanci da ake ce wa CPAP, da rage ƙiba in akwai.

Akwai kuma mai ciwon ƙafa mara zama, da ya kwanta sai ya ji kamar kiyashi na yawo a cikin ƙwaurinsa, dole sai ya motsa ko ya tashi ya taka sannan ya ji sauƙi, abin ya fi tashi da yamma da dare. Sau da yawa ƙarancin sinadarin ayon a jiki ne ke bayansa, shi ya sa yake yawan kama masu juna biyu, gwajin jini ake yi a gani. Sai ciwon damuwa, wanda alamarsa ita ce ka farka ƙarfe 3 ko 4 na dare barci ya ƙi dawowa, zuciya a cunkushe, abubuwan da ka saba jin daɗinsu duk sun fita ranka. In har abin ya kai mutum na tunanin cutar da kansa, don Allah kar ya tsaya karanta wani rubutu, ya je wajen likita yau ɗin nan.

Sauran zan ambata a gurguje: ƙwannafi mai tasowa in an kwanta, asma da ke tsananta cikin dare, ciwon gaɓɓai, yawan tashi fitsari saboda ciwon suga ko kumburin furostet (wata halitta a ƙarƙashin mafitsarar maza), tayirod (wata halitta a gaban wuya) mai aiki fiye da ƙima wanda ke zuwa da bugun zuciya da rama da gumi, da zafin jikin da mata ke ji lokacin ɗaukewar al'ada. Magunguna ma suna hana barci, irin su prednisolone, da maganin toshewar hanci mai pseudoephedrine, da maganin sa fitsari in aka sha shi da yamma. Duk waɗannan tushen ake nema a gyara.

Sai kafeyin, wanda mutane ke rainawa. Tun da ka farka da safe akwai wani sinadari mai suna adenosin da ke taruwa a ƙwaƙwalwa, yawan taruwarsa shi ne nauyin idon da kake ji da dare. Kafeyin zuwa yake ya toshe wurin da adenosin ke kamawa, gajiyar na nan amma ƙwaƙwalwa ba ta samun saƙon. Kuma yana daɗewa a jini, kusan awa 5 kafin rabinsa ya fita, wato in ka sha kofi ƙarfe 5 na yamma to ƙarfe 10 na dare rabi na nan yana aiki. Shayi yana da shi, lemon kwalba baƙi yana da shi, abin shan nan na ƙara kuzari yana da shi sosai, har wasu ƙwayoyin ciwon kai ana haɗa su da shi. Taba ma tana farkar da jiki. Giya kuma yaudara ce, tana saurin kwantar da mutum sai dare ya raba ta yayyanka barcin.

To in an cire duk waɗannan, saura tambaya ɗaya: tun yaushe? Likitoci suna cewa rashin barci ya zama mai daɗewa in yana faruwa aƙalla dare 3 a sati har tsawon wata 3, kuma yana taɓa rayuwarka da rana. Wanda bai kai haka ba, misali an yi maka rasuwa, ko jarabawa ta matso, ko an shiga wata rigima, yawanci in dalilin ya wuce barcin na dawowa da kansa. A nan ne zaɓin ya rabu.

Abin da ya fi ba ni mamaki da na fahimce shi shi ne, abin da ya fara kawo rashin barci daban, abin da ke riƙe shi daban. Wani masanin barci ɗan Amurka mai suna Arthur Spielman ne ya fito da wannan bayani a shekarun 1980. Damuwa ce ta fara hana ka barci, to, sai ka fara ramawa, ka kwanta tun ƙarfe 9 ko Allah zai sa a dace, da safe ka ƙi tashi da wuri, da rana ka ɗan kishingiɗa, kana kan gado awa 9 amma barcin bai wuce awa 5 ba, sauran awa 4 ɗin duk saƙa da warwara ne da juyi da jin haushi. A yi haka sati da satuttuka sai ƙwaƙwalwa ta haddace cewa gado wurin tunani da fargaba ne. Shi ya sa za ka ga mutum na gyangyaɗi a kujera, yana hawa gado ido ya washe tas. Damuwar farko ta daɗe da wucewa amma rashin barcin ya samu gindin zama. Riƙe wannan a ranka, don da shi za mu auna hanyoyin biyu.

Mu fara da ƙwaya, kuma in yi mata adalci. Tana aiki, kuma a daren farko take aiki. Wanda ya kwana 4 bai runtsa ba saboda wani tashin hankali, kansa na neman juyawa, in likita ya ba shi ta ɗan lokaci rahama ce. Ba ta buƙatar horo, ba ta buƙatar juriya.

Amma ƙwayoyin ba iri ɗaya ba ne. Akwai dangin diazepam, wanda aka fi sani da Valium, da su lorazepam da bromazepam. Waɗannan ƙa'idarsu sati 2 zuwa 4 ne a bar su, don jiki na saurin sabawa, ƙwaya ɗaya da ke kwantar da kai a farko bayan ɗan lokaci sai ka ga sai biyu. Diazepam musamman yana daɗewa a jiki fiye da kwana guda, ka tashi da safe kana angaje, ga mantuwa, ga sanyin hannu a tuƙi. Sai dangin zolpidem da zopiclone waɗanda suka zo daga baya ana ganin sun fi sauƙi, amma su ma sun nuna halinsu. A 2013 hukumar kula da magunguna ta Amurka, FDA, ta rage adadin zolpidem da ake ba mata daga miligiram 10 zuwa 5 saboda yana kai safiya a jininsu, a 2019 kuma ta sa gargaɗi mafi ƙarfi a kwalinsa da na wasu 'yan uwansa, don an samu mutane na tashi cikin barci su yi tafiya, su kunna wuta, har su tuƙa mota ba su sani ba. Sai na uku, wanda na fi ganin ana wasa da shi, maganin mura da ƙaiƙayi irin su chlorpheniramine da diphenhydramine da promethazine. Mutum ya lura in ya sha yana jin barci sai ya mai da shi maganin barci. Cikin 'yan kwanaki ƙarfin sa barcin ke raguwa, abin da zai bar ka da shi bushewar baki ne da taurin bayan gida da kasala, ga tsofaffi kuma ruɗewa da riƙewar fitsari, sannan yana ƙara tayar da ciwon ƙafar nan da na ambata.

Abu biyu nake so a ji da kyau a nan. Na farko, haɗa ƙwayar barci da giya ko kodin ko tramadol na iya tsayar da numfashi gaba ɗaya, mutane na mutuwa ta wannan hanya. Na biyu, wanda ya haura shekara 65 haɗarin faɗuwa a gare shi babba ne, ya tashi fitsari cikin dare jiri ya kwashe shi ya karya ƙugu.

Amma babbar matsalar ƙwaya a wurina ita ce ba ta taɓa abin nan da ke riƙe rashin barcin. Ƙwaƙwalwa na nan da haddarta cewa gado wurin fargaba ne, an dai danne ta ne. Ranar da ka daina, barcin kan ƙi zuwa fiye da da na 'yan kwanaki, kai kuma sai ka ce ka gani ko, ba zan iya ba sai da ita, ka koma. An gudu ba a tsira ba. Ni haka ta faru da ni, sati 3 na yi ina sha, daren da na ajiye ta ido biyu na ga wayewar gari.

Hanya ta biyu likitoci na kiranta CBT-I, a taƙaice horo ne na sake koya wa jiki da ƙwaƙwalwa barci, yawanci zama 4 zuwa 8 da ƙwararre, akwai kuma littattafai da manhajojin waya masu bin tsarin. A 2016 ƙungiyar likitocin manya ta Amurka, American College of Physicians, ta ce wannan ne ya kamata a fara ba duk babban da ke da rashin barci mai daɗewa kafin a yi maganar ƙwaya. Kuma kar a ɗauka shi ne shawarwarin nan da kowa ya sani na ajiye waya, kashe fitila, kar ka ci da yawa da dare. Waɗannan suna da kyau amma su kaɗai ba sa warkar da wanda abin ya yi wa katutu, na yi su duka ban ga canji ba. Ainihin aikin ginshiƙi biyu ne.

Na farko Richard Bootzin ne ya tsara shi a 1972. Kar ka hau gado sai barci ya zo da gaske, ido na lumshewa ana hamma, gajiyar jiki kaɗai ba ta isa ba. In ka kwanta ka ji kamar an yi minti 20 barci bai zo ba, ba tare da duba agogo ba, tashi ka bar gadon, ka zauna wani wuri da haske kaɗan ka yi wani abu mai sanyi kamar karatu a takarda, sai ido ya yi nauyi ka dawo. In ya sake ƙi ka sake tashi, ko sau 5 ne a dare. Gado na barci ne da kwanciyar aure kawai, ba kallo, ba cin abinci, ba hira a waya. Sannan lokacin tashi ɗaya ne kullum har ranar hutu, ko da awa 3 ka samu, kuma ba barcin rana.

Na biyu na Spielman ne, shi ne mai zafin. Za ka yi sati 2 kana rubuta lokacin kwanciya da na tashi da kimanin awa nawa ka yi barci. A ce ka gano kana kan gado daga 9 na dare zuwa 6 na safe amma barcin awa 5 da rabi ne. To daga yau awa 5 da rabi kawai aka ba ka a gado, ka kwanta 12:30 ka tashi 6. Ba a yin ƙasa da awa 5 ko yaya. Da farko ji za ka yi kamar mugunta, mutum na kukan rashin barci a ce ya rage kwanciya? Hikimar ita ce adenosin ɗin nan ya taru sosai yunwar barci ta yi ƙarfi, har ya zama kana kwanciya barci na sace ka, daren ya haɗe wuri ɗaya maimakon guntu guntu. In sati ya zagayo ka ga kashi 85 cikin 100 na lokacin da kake gado barci kake, sai ka ƙara minti 15, haka haka har ka kai abin da jikinka ke buƙata, wanda ga yawancin manya awa 7 ne zuwa sama.

Akwai kuma ɓangaren tunani. Ka juya agogo ya kalli bango, waya ta yi nesa da hannu. Tun da yamma ka ware minti 15 ka rubuta duk abin da ke damunka da abin da za ka yi a kai gobe, don kar su biyo ka gado. Ka kuma daina yi wa kanka barazanar in ban yi barci ba gobe ta lalace, ai ka sha kwana ido biyu kuma ka wuni ka yi aikinka, da wahala dai amma ka yi. Barci ba a kama shi da ƙarfi, iya ƙoƙarinka iya gudunsa.

Ba zan ɓoye wahalar ba. Satin farko ya fi rashin barcin kansa zafi, a dare na 4 saura kaɗan in watsar, zaman jiran 12:30 ido na rufewa ga gado ina kallo wallahi ba sauƙi. Wajen ƙarshen sati na 2 ne na lura ina kwanciya ban san lokacin da nake tafiya ba, zuwa sati na 6 ina samun kusan awa 7. Kuma wannan rage kwanciyar ba na kowa ba ne. Mai farfaɗiya, da mai ciwon ƙwaƙwalwa irin na hawa da saukar yanayi, rashin barci na iya tayar musu da ciwo, kar su yi sai da likitansu. Direba da mai aiki da inji su ma su yi hattara a satuttukan farko don gyangyaɗin rana na ƙaruwa.

In aka jera su, ƙwaya ta fi sauri, horo ya fi daɗewa yana amfani. Ta farko daren yau za ta ba ka, amfaninta na tsayawa ranar da ka daina. Na biyu sai ka ba shi sati 4 zuwa 8 na juriya, amma abin da ka koya na nan tare da kai bayan an gama. Illar ƙwaya na ƙaruwa da daɗewa, wahalar horo kuma a farko take tana raguwa. Ƙwaya ta fi sauƙin samu, ƙwararren mai horon barci kuwa ba ko ina ake samunsa ba, wannan gaskiya ce, sai dai ƙa'idojin ba su da sarƙaƙiya kuma takarda da biro da agogon tashi sun isa a fara.

Melatonin fa? Ana yawan tambaya. Shi sinadari ne da ƙwaƙwalwa ke fitarwa in duhu ya yi, aikinsa sanar da jiki cewa dare ya yi. Ga mai rashin barci mai daɗewa amfaninsa kaɗan ne, 'yan mintuna yake ragewa a jiran zuwan barci. Inda ya fi amfani shi ne in agogon jiki ne ya goce, kamar wanda ya yi doguwar tafiya a jirgi ya tsallaka ƙasashe masu bambancin lokaci, ko matashin da barci ba ya zuwa masa sai 3 na dare amma in an ƙyale shi zai yi lafiyayyen barci har 11 na safe. Wannan matashin barcinsa ƙalau yake, lokacin ne ya matsa, abin da ya fi yi masa aiki shi ne fita hasken rana da sassafe kullum da rage hasken waya da dare, melatonin ɗan taimako ne a kai. A Ingila sai da takardar likita ake ba da shi, a Amurka kuwa a kanti ake saye kamar bitamin, kuma irin na kantin abin da aka rubuta a kwalba ba lallai ya yi daidai da abin da ke ciki ba.

To wa zai ɗauki wanne? In kwanaki ne ko sati biyu kuma ka san dalili, ka riƙe lokacin tashinka, kar ka fara ramuwa da kwanciyar wuri da barcin rana, ka yanke kafeyin daga tsakar rana, yawanci zai wuce. In ya yi tsanani har ba ka iya aiki, likita na iya ba ka ƙwaya ta 'yan kwanaki, ka tambaye shi ranar dainawa tun ranar farawa. In ya haura wata 3, horo za ka sa a gaba, ko da likita ya haɗa maka da ƙwaya a farko. Mai juna biyu da mai shayarwa da dattijo, su horo ne ya fi musu aminci, kar su sha komai da kansu. Mai jego da jariri ke tasa, da mai aikin dare, su dama ce ba su samu ba, barcin rana halal ɗinsu ne, dokar hana shi ba ta hau kansu ba.

Wanda kuma ya riga ya yi watanni ko shekaru a kan diazepam ko danginsa, ina roƙonka kar ka karanta wannan ka yanke a dare ɗaya. Dainawa farat ɗaya na iya kawo rawar jiki da firgici har da jijjiga irin ta farfaɗiya. A hankali ake ragewa, kaɗan kaɗan cikin satuttuka ko watanni, da likita a gefe, kuma ya fi sauƙi in ka fara horon tukuna sannan aka shiga ragewa. Ba abin kunya ba ne ka gaya wa likita gaskiyar nawa kake sha. Ka tafi masa da takardar nan ta sati 2, da sunayen duk magungunan da kake sha har na mura, ka kuma tambayi wanda kuke kwana ɗaki ɗaya ko kana minshari ko numfashinka na tsayawa.

Ni har yanzu a wata nakan samu dare ɗaya ko biyu da barci ke ƙi. In na ji juyi ya fara yawa sai in sauka in koma kujera da littafi, fitila ƙasa ƙasa, in ido ya yi nauyi in dawo, agogo kuma na nan a ƙarfe 6 ban taɓa shi ba.